Ramin Sidi Mailafiya

Nakkasa, Makka

Yaya Zubaidatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da Malam da yara. Na san za ki ce ga waya. To, a littattafan da nake karantawa ba a aika babban labari ta waya, ga shi kuma Hajiya Zali ta gama Umara za ta dawo Kano.

Yaya, rusau ya iso layinmu. Maigidana Uzair ya samo mana gida a unguwar Mansur, hawa na shida, tagarsa na kallon wajen Harami. Amma kakansa, Sidi Mailafiya, ya ce ba inda za shi. Uzair kuwa ya ce ba zai bar tsoho da matarsa Sitti Maryama cikin kangaye ba. Ni ga tsohon ciki, ga hawan dutse kullum, motar ruwa ma ta daina shigowa.

Yanzu ga sirrin. A bayan gidan akwai ɗaki da aka haƙa cikin dutse. Na leƙa: buhunan shinkafa, dabino, jarkokin ruwa. Sidi ba ya rabuwa da rediyo, da ya ji Amurka da Rasha sun soma musayar yawu sai ya sa a ƙaro buhu. Jiya ya ce min, "Amarya, kowannensu yatsansa na kan maɓallin nukiliya. Wanda ya fara dannawa shi ma ya tafi. Shi ya sa har yau muke shan shayinmu."

Wa zai san wannan in ba ɗan leƙen asiri ba? Ina jin wata babbar ƙasa ce ta turo shi tun yana saurayi, ramin nan maɓoyarsa ce. Har da tabo a gira, Yaya, yadda ake rubuta su!

Taki,
Minnatullah

Gwammaja, Kano

Minna uwar mafarki,

Muna lafiya, muna gaishe ki da nauyin jiki. Na karanta wa Malam wasiƙarki, ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce gaskiya ne, a zamanin yaƙin cacar baka ƙasashen nan sun yi ta tura mutane a ɓoye, suna ɗora gwamnati suna kifarwa. Amma bai taɓa jin sun tura mai tsire ba. Ba ke kika ce min da tsire Sidi ya riƙe gidansa ba?

Ki kama bakinki da zancen leƙen asiri a ƙasar mutane. Ni damuwata kada naƙuda ta same ki a kan dutsen nan. Kin zuba wa tsoho ido kin manta da matarsa. Je ki taya Sitti tsinke ganye, ki tambaye ta.

Yayarki,
Zubaidatu

Nakkasa, Makka

Yaya,

Bayan gaisuwa, kin yi gaskiya, amma ni ma ban faɗi ba: labari ne, na soyayya ma!

Sitti ta ce a 1962 suna sabon aure, sun taka da ƙafa daga Haɗeja har gaɓar tekun Sudan, suna jiran jirgin ruwa. Sai rediyon wani mai shayi ya ce jiragen yaƙin Amurka da na Rasha sun yi cirko-cirko a wajen Kuba, ko yau ko gobe duniya ta kama da wuta. Ayari ya rikice, kowa na neman gafarar kowa. Ita tana ta kuka. Sidi ya ce mata, "In Allah ya kai mu Makka zan haƙa miki inda wutar ba za ta same ki ba." Ya kuwa haƙa, da hannunsa. Tabon girar ma tsinin dutse ne.

Na ce, "Sitti, kina son ramin?"

Ta ce, "Ni? Ya binti, 'yata, ramin da kunama ta harbe ni a ciki?"

"Kin taɓa faɗa masa?"

"Ina! Ki ga yadda yake shafa bangon nan."

Na ce mata a duk littafin da na karanta, alkawarin da aka yi wa mace ita kaɗai ke sauke shi.

Bayan La'asar ta kai masa shayi da kanta, ni ina laɓe bayan labule. Ta ce, "Malam, ka yi alkawari ka cika, Allah ya saka. Na sauke maka. Sama da shekara sittin ina share ramin nan. In za su danna, su danna ina zaune a taga ina kallon Harami."

Ya dube ta ya daɗe. Ya kashe rediyon. Ki taya ni addu'a.

Taki,
Minnatullah

Mansur, Makka

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, daga hawa na shida! Na sauka lafiya, mace ce, sunanta Maryama, muna kiranta Jannat. Shinkafar ramin da ita aka ci suna, har maƙwabta suka ɗiba. Sitti ta kafa kujera a taga, ba mai tayar da ita.

Ɗazu ina shara na ga buhu guda a ƙarƙashin gadon jaririya. Na ce, "Sidi, ba an sauke maka ba?"

Ya ce, "Babbar ce ta sauke. Wannan ba ta ce komai ba tukuna."

Ki gaida Malam. Na bar buhun inda yake.

Taki,
Minnatullah