Na ƙi karɓar magogin goro

Daren Alhamis, unguwar Zariya, Maradi

Tun ina yaro nake jin wai mai aswaki da reshen bagaruwa ba ya rabuwa da haƙoransa sai kabari. Ban yarda ba. Na dai riƙe ta ne don ita ce a bakin gonarmu ta Jiratawa, har baurinta ya zame mini jiki.

Yau a Tsibiri, wurin sunan jikar Alhaji Sani, mai rabo ya dubi furfurata, ya miƙo mini goro haɗe da magogin gwangwani, kamar sauran tsofaffi marasa haƙora. In na karɓa, na shiga sahunsu ke nan. In na ciza haƙori ya fita, an samu labarin shekara.

Na ce, "Riƙe gwangwaninka." Na yi bisimilla, ƙas! Goro ya dare biyu, ba abin da ya motsa.

Malam Idi, abokina tun muna kiwo, yana goga nasa, ya ce, "Daina hura hanci, tsohon banza. Aikin bagaruwa ne, kowa ya sani."

To, na yarda. Idi ne na ƙarshe da ya faɗa mini, kuma shi da bai riƙe bagaruwar ba, bakinsa ba haƙori ko ɗaya.