Abin da Na Ƙara a Maganarki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki cikin ladabi, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na zo hutu Kano. Ina rubuta miki wannan ne a ɗakinki na bayan gidan Alhaji a Nasarawa, inda Baba ke tuƙi har yau, ya ƙi ajiye makulli.

Kin rasu ba ki san aikin da ya raba mu ba. Akwai wata sabuwar kwamfuta da ake kira kwantum, amsarta raɗa ce da babu na'urar da ke ji kai tsaye. Ni kuma ina ƙera 'yar da'irar lantarki da ba ta kai ƙwayar gero ba. Mukan sa ta cikin sanyi mai tsanani har wuta ta riƙa gudu a cikinta ba cikas, mu saita ta da maganaɗisu kamar mai neman tasha a rediyo, sai ta ɗaga raɗar nan a ji. Tana da taurin kai, ba ta bi a miƙe, kuma da taurin kan take aiki. Na san za ki ce ta biyo mai ita.

Dokarta ɗaya ce: ta ƙara ƙarfi, kada ta ƙara surutun kanta. Inna, kullum na auna wannan sai in tuna abin da na yi miki.

Da tiyatar maƙogwaro ta tafi da muryarki, ni ce nake kara kunne a bakinki in faɗa wa gida. A rage gishiri. A kwashe shanya. Kina kirana lasifikarki, kina dariya ba sauti.

Ranar da takardar karatuna a waje ta iso, Baba ya ce sai abin da kika ce. Na sunkuya, kika ce, "Ki ɗan jira ni." Na ɗago na ce kin ce in tafi. Kin dube ni, ba ki girgiza kai ba. Wata uku da tafiyata aka kira ni a waya, aka ce kin rasu.

Shekara tara ina ɗauke da wannan. Jiya bayan la'asar na tarar da Baba yana goge mota, na faɗa masa. Bai ajiye tsumman ba. Ya ce da na tafi shi ya koyi kara kunne a bakinki, kuma tun makon farko kika gaya masa gaskiya. Ya tashi zai kira ni in dawo, kika riƙe masa riga, kika ce yarinyar ta faɗi abin da ke kika kasa faɗa ne.

Na yi kuka, Inna. Ba ki ba ni izinin wannan ƙarin ba, amma kin rufa min asiri har kabari. Ki yafe min. Ina kewarki sosai.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya mayar miki da muryarki a Aljanna, Ya sa in ji yafiyarki daga bakinki.

'Yarki,
Bilkisu