Miyar Kuka a Bayan Mota

Haɗejia.

Zuwa ga Mamana Bushira,

Bayan gaisuwa da tambayar nauyin jiki. Ki gai da maigidanki Abdulmannan. Kin ga takarda maimakon waya, to wayar tana ƙarƙashin ruwan Baturiya tana hira da tarwaɗa.

Ga abin da ya faru. Na kwashi Innarki da danginta zuwa biki a 'yar bas ɗin nan tawa. Da muka tsaya sai na ga koren ruwa yana ɗiga ta baya. Da ilimina na aji huɗu na yi lissafi: inji yana gaba, kular miyar kukar Innarki tana baya. Na ce, "Hafsat, shekara da shekaru ba ki iya rufe kula ba?" A gaban yayyenta. Muka ci gaba, mota ta ɗau zafi ta tsaya. Na sunkuya ɗebo mata ruwan fadama, waya ta bi.

Na yi alkawarin ɗauko ki goyon ciki, ki haihu a ɗakin Innarki. Ki roƙi jikana ya jira.

Naki,
Baba Sa'idu.

Kafin Hausa.

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, ina gai da Inna. Unguwarzoma ta ce kwana ya matso, kuma ba na son haihuwar fari babu Inna kusa. Hanyar nan da damina ba ta babur ba ce.

Don Allah ka kai wa Baba Habila makanike motar. Na san tsokanarsa kake gudu. Ka daure.

Kular fa, an duba ta?

'Yarka,
Bushira.

Haɗejia.

Mamana,

An duba. A rufe take gam.

Na kai wa Habila. Ya shiga ƙarƙashi ya fito yana dariya har da tari. Ashe Turawa sun sa wa motar abin ɗumama kujerun baya saboda sanyin ƙasarsu. Tiyo biyu ne suka taso daga inji har baya ɗauke da ruwan lagireto, ɗaya ya ruɓe a mahaɗa. Ya ce, "Sa'idu, a Haɗejia wa za ka ɗumama?" Ya yanke su, ya haɗa bakin wannan da na wancan, ya ɗaure tamau, ruwa ya koma zagayensa. Ya ce inji bai ƙone ba, Allah ne ya so jikana, ba wayona ba.

Na sa hannu a aljihu, ya ce in na fito da shi zai mayar da ruɓaɓɓen tiyon. Ya ce shi ya fara kai ki makaranta a kan kekensa tare da 'yarsa Dibora. Na rasa abin tsokana, sai na ce Allah ya saka. Ki sa shi a addu'a.

Jibi ki haɗa kaya.

Baba.

Mamana,

Ƙari kaɗan, direban da zai kawo miki takardar yana jira. Na ba Innarki haƙuri a ɗaki. Ta ce a gaban dangi aka ɓata miyarta, a gaban dangi za a wanke ta, ranar suna, a tsaye, da lasifika.

Habila ya ce shi zai kawo lasifikar.

Baba.