Sunanki a Bakin Mai Waƙar Makoki

Zuwa ga Ulonma, sanyin safiyar Jos a ƙirjina, ruwan farko a gonar acca, furen da ya tsiro a Anguwan Rukuba ya hana ni kallon wani lambu, Dakta a wurin ɗalibai, Ulo a wurina ni kaɗai!

Tun ranar Talata da kika gabatar da bincikenki a kan waƙoƙin makoki a zauren tsangayarmu a jami'a, hankalina bai kwanta ba. Kin kunna na'ura, muryar Ngo Magadaliya, tsohuwar ƙauyenmu, ta cika ɗakin, malamai na gyaɗa kai, wani farfesa har da lumshe ido. Ni kuwa da na sha yaren waƙar a nono, me na ji? Sunanki! Ulonma, Ulonma, a daidai gurbin da ake saka sunan wanda ya tafi. Da na tare ki a bakin ƙofa, da dariya kika gaya mini wai tsohuwa ta ce ba ta rera waƙar sai da suna, ke kuma don kada ki ambaci mamacin wani ki fama masa ciwo, kika ba ta naki. Haba, masoyiyata! Duk sunayen duniya, sai wanda nake fara ambata a addu'a?

Na san za ki yi mini tsiya, ki ce ai ni nake koya wa ɗalibai cewa waƙa fasaha ce, ba ta kashe kowa. Ni na rubuta haka, har an buga a mujalla. Amma digiri bai toshe mini kunne ba. Wannan muryar ce ta raka mahaifiyata kabari, kuma tunda nake ban taɓa jin ta kira suna a waƙar nan mai sunan ya amsa ba.

Kin tuna ranar da ruwan ƙanƙara ya kora mu rumfar masu katako a Laranto? Kin cusa takardun ɗalibai cikin rigar sanyinki, kin bar kanki yana jiƙewa, kina ba ni labarin tsofaffin da ke mutuwa da waƙoƙinsu a baki, idonki ya ciko. A nan na faɗa kogin sonki, ban kuma nemi mai ciro ni ba. Wannan zuciyar taki nake so, ita ce kuma yau take firgita ni.

Yanzu kin ce Asabar za ki koma ƙauyenmu wurin Ngo ki ɗauko baitin ƙarshe, wanda ake rerawa lokacin mayar da ƙasa, don sai da shi maƙalar bincikenki za ta cika a yi miki ƙarin girma. A wannan hanyar, Ulonma? Hanyar da direba ke kashe rediyo, fasinja su yi tsit don tsoro in an shiga kwana? Ban ce ki bar aikinki ba. Wa ya isa ya tare kogin Dilimi da damina? Roƙona ɗaya ne, kada ki bari ta rufe waƙar a kan sunanki. Ta rufe ta da sunan mahaifiyata, na ba ki, ita ta riga ta huta.

Ki bar ni in raka ki. Ni zan riƙe na'urar, ni zan durƙusa in gai da Ngo da yarenmu. Tsohuwar nan ba makoki kaɗai ta iya ba, ita ce ke yi wa amare waƙa ranar kai su ɗaki, wannan kuwa suna biyu take ci. Naki yana bakinta tuni. Nawa na daɗe da shi a hannu, tsoro ya hana ni miƙo miki, sai ga tsoron da ya fi shi ya zo.

In kin yarda, ranar Asabar Ngo ta sake kiran sunanki, amma a waƙar amare, ni kuma ina gefenki in ji kin amsa.

Naki ne, ke kaɗai, har ranar da za a saka nawa sunan a waccan waƙar ta makoki,
Badung