Farashin Sandar Makiyayi

Daren Laraba, Rano

Barci ya ƙi zuwa, sandar nan ta tsaya mini a rai.

A wasan labarin da nake shirya wa abokaina, inda kowa ke da jaruminsa muna jefa ƙwayar ludo, na ƙirƙiro wata sandar makiyayi mai baiwa daga sama. In jarumi ya mutu aka taɓa shi da ita, sai ya tashi. Sa mata farashi ne ya gagare ni. In ta yi araha ba mai ƙara tsoron faɗa, in ta yi tsada ta zama ado.

Bayan la'asar na tambaye su maki nawa ya dace. Ana ta ciniki ana dariya, sai Bello na Kibiya ya ce a hankali, "Kwashe duk abin da jarumina ya tara, har takalmansa, ka ba ni ita."

Tun da aka binne 'yarsa Ummi da damina, sai yau ya dawo wasa.

Gobe zan ce musu rauni kawai sandar ke warkarwa. Ko a wasa, ba ni da fuskar da zan sayar wa Bello wannan abin. Allah ya jiƙan Ummi.