Ruwan Kumasi da Gonar Malam

Zuwa ga Yayana Hadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta, ya raya mana yara. Na iso Kumasi lafiya. Ina gidan Hajiya Rahmatu, mutuniyar Gezawa ce, ina yi mata fura ana sayarwa a zango.

Yaya, sai a garin nan na san Malam ya rasu. A gabana aka fita da shi, na yi masa takaba har na gama, amma zuciyata ba ta karɓa ba. Ran nan da la'asar ina tankaɗe a tsakar gida, hadari ya haɗo, ruwa ya sauko, ƙasa ta yi ƙanshi. Ban san sanda na ajiye rariya ba, wai zan ce masa ya ɗauko sungumi, ni in ɗebo iri in bi bayansa. Har na kai zaure. Hajiya ta tambaye ni ina za ni ba mayafi. Ashe su nan ruwansu ba ya jiran namu, ku ko bazara ba ku shiga ba. Nan na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Garin kore ne shar, itatuwa sun rufe ko'ina, ba ka hango nesa kamar a wajenmu. Rogo da ayaba ne abincinsu, ban ga karan gero ko ɗaya a tsaye ba. Matansu kuwa su ke riƙe da kasuwa, suna magana da ƙarfi, ba mai ce musu kanzil. Da farko tsoronsu nake ji. Sai na tuna ni da ban taɓa wuce asibitin Kano ba, na tsallake ƙasashe ni kaɗai a motar albasa, ban ɓata ba. Na daɗe ina ɗaukar kaina matsoraciya. Ashe ba a taɓa barina na gwada ba ne.

Direban da zai kawo maka takardar nan ya gaya mini abin da Yaya Iliyasu, wan Malam, yake faɗa a majalisa. Wai na watsar da marayu na tafi yawon duniya, kuma gonar bayan rafi ta yi ƙanƙanta a raba, gara a sayar wa masu buga bulo. Ka gaya masa ban ji kunyar tafiyata ba. Shekarar da rumbu ya ƙare tun kafin azumi, wa ya aiko wa 'ya'yana Hure da Larai ko damin dawa? Yana da gado a gonar, ban hana shi ba. A kira liman da mai unguwa a yanka masa nasa, a dasa gamba a tsakani. Amma rabona da na 'ya'yana ba na sayarwa ba ne, ko da faɗin tabarma ne. Ban zo nan don in zauna ba. Kafin ruwan shuka in Allah ya yarda ina gida, in ba mai riƙe mini sungumi, zan riƙe da kaina, duk mai dariya ya yi.

Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce ta ci gaba da sa mini albarka. Ina gaida Yaya Safiyatu da Kawu Sabo. Ka shafa mini kan yaran, ka ce Larai ta daina yi wa Inna gardamar wanka.

Abu ɗaya nake roƙonka. Ka san a wajenmu gonar da ba a ga tulin taki a cikinta ba, ita ake ce wa marar mai ita. Tokar murhu da kashin awakinmu suna nan a tare bayan ɗaki. Ka ari jakin Kawu ka kai mini su gonar. Rani ya yi nisa, kuma har yau ko mangala ɗaya ba a kai ba.

Ƙanwarka,
Barira