A Rubuta Sunana Majinyacin Zabairu

Zuwa ga Mushe Darakta na cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa, wadda wata ƙungiya ta buɗe mana a nan Tawa.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, har da sakataren da ke gadin kayen rajista, wato littafin rubuta sunaye, a bakin ƙofa.

Tun da an ce ba a san ni ba, bari in gabatar da kaina. Ni ɗan Barmu ne. Aji uku na yi a koleji na fita, ba don kai ya gaza ba, sai don babu mai riƙe ni a birni. Da injin aro na koyi walda, yau injina uku ne a rumfata. Na gina gida, na kai mahaifiyata Makka, ƴaƴana duka suna lakwal suna karatu. Ba ƙungiya, ba proje, ba ɗan siyasa. Na faɗi wannan ne don ka san ba roƙo ya kai ni bironka, wato ofishinka, ba.

Na ɗaya. A sana'armu akwai aikin da ba mu son faɗa, shi ne mari, ƙarfen ɗaure ƙafa. In yaro ya samu taɓin hankali a ƙauye, wurinmu ake fara zuwa, ba wurinku ba. A kawo mana awon ƙafa da zare, mu lanƙwasa ƙarfe. Na yi, ba zan ɓoye ba. Na daina ne ranar da aka dawo mini da wani mari in faɗaɗa, na ga fatar mutum manne a jikinsa.

Na biyu. Kwanan baya wata tsohuwa daga wani ƙauyen Kalfu ta aiko in yi sabon mari, wai na ƙafar jikanta ya yi tsatsa. Na hau babur na je da zarto. Sunansa Zabairu, shekararsa goma sha tara. Ya tafi cin rani Libiya da bakinsa, ya dawo ba ya magana, daga baya ya soma ihu yana gudu cikin gonaki. Baffanninsa suka ɗaure shi a gindin gawo, damina guda. Na cusa robar taya tsakanin ƙarfen da ƙafarsa, na yi ta zarto har hannuna ya sage. Baffannin ba su yarda haka nan ba. Sharaɗi muka yi gaban maigari: in kwana goma sha huɗu suka cika likita bai karɓe shi ba, in maido shi, su nemi wani maƙeri. Ran Juma'a mai zuwa wa'adin zai cika.

Na uku. Sau uku na kawo shi cibiyarku. Majo, wato babbar ma'aikaciyar jinyarku, Allah ya saka mata, ta dube shi a tsaye a baranda ta ce irin ciwon da ake samun sauƙinsa ne, amma ba ta da ikon ba shi ko ƙwaya ɗaya sai an rubuta majinyaci, wato wanda zai tsaya masa a jinya, a kaye. Sakatarenka kuwa ya ce gurbin na uwa ne, ko uba, ko baffa, da katin ɗan ƙasa. Uwar ta rasu. Uban yana Abija shekara shida, ko lambarsa babu mai ita. Baffannin sun rantse sunansu ba zai shiga kayen mahaukata ba, kada a ce abin a jini yake. Kakar ba ta gani, ba ta taɓa yin kati ba. Da ya tambaye ni mene ne ni a wurin yaron, na ce ni na yanke marin. Ya yi dariya ya ce babu wannan a cikin dangantaka.

Na huɗu. Na nemi ganinka, aka ce kana otel wurin taron wayar da kai a kan daina ɗaure masu taɓin hankali. Madalla. Ina fatan an ci an sha, an yi tafi. A bangon bironka ma na ga babban hoton sarƙa a tsinke, an buga shi da launi mai kyau. Wanda ya zana hoton nan bai taɓa jin warin ƙafar da ta shekara a ƙarfe ba. Kun iya tsinka sarƙar takarda, ta gaske aka kawo muku kuka ce babu gurbi.

Yau kwanansa tara a zaurena. Yana ci, ya soma amsa sallama. Amma har yanzu in zai yi tafiya jan ƙafar hagu yake yi, kamar ƙarfen na nan. Jiya ya tambaye ni ko Juma'a ta kusa. Ni ba likita ba ne, tuwo da inuwa kawai nake da su. Kuma ni mutum ne mai cika alkawari: in ranar ta zo ba takarda a hannuna, da kaina zan goya shi a babur in kai shi gindin gawon nan. Ka san wannan tun yanzu, jama'ar da ke karanta wasiƙar nan su ma su sani.

Ba na neman kujera a taronku, ba na son hoto da kai. Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka zuri'a, ya sa kada ɗanka ya taɓa tsayawa a ƙofar da ake tambayar wa ya kawo shi.

Abu guda nake so kafin Juma'a. Ka sa a buɗe kayen nan, a gurbin majinyaci a rubuta sunana cikakke. Katina yana aljihuna, zan sa hannu, zan kwana da shi, zan ba shi magani a kan lokaci. In sakataren ya rasa abin da zai sa a gurbin dangantaka, ya bar shi fari. Sunan dai a rubuta shi.

Wassalam.

Illa Mahamadu Ɗan Barmu,
mai walda, Tawa.